Daga kicin zuwa ofis-ofis: yadda muka yi wa ciyarwar 'yan jinya rajista

Tun bayan azumin 2024 nake samun kira daga abokan sana'a, wani a Kaduna, wani a Katsina, wata a Abuja, kowa da tambaya iri ɗaya: yana son ya riƙa dafa abinci fisabilillahi daga kicin ɗin da yake aiki, ga masu son ba da kuɗi, to ta ina zai fara? Amsar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda namu ya kasance daki-daki, da abin da aka nema a kowane ofis, da abin da muka kashe, da wuraren da aka jira. Kuɗin hukumomi da farashin kasuwa sun canza tun daga lokacin, don haka alƙaluman da zan kawo na 2023 ne da farkon 2024. Jerin matakan ne nake so a riƙe.

Ni kuku ne, girki nake yi a biya ni, da shi nake riƙe iyalina. Na fara da wanke-wanke a wani otal a Kaduna a 2004, a ƙarƙashin wani dattijo ɗan ƙasar Filato wanda ya yi wa Turawan haƙar kuza girki a Jos tun yana saurayi. Baba muke ce masa. Sai da na daɗe ina goge tukwane da yankan albasa kafin ya bar ni in tsaya kan miya, daga nan gashi, daga nan ya fara ba ni makullin sito. A wajensa na koyi cewa sikeli da agogo da littafin sito su ne rabin aikin kuku, ludayi ragowar rabin. Daga baya na yi kwas a makarantar koyon aikin otal da yawon buɗe ido ta NIHOTOUR da ke Bagauda, na samu takarda, na yi aiki a Abuja, sannan na dawo Kano a matsayin babban kuku a wani gidan abinci. A ƙasarmu har yanzu akwai masu yi wa namiji mai girki kallon raini, kuma na sha jin maganganu har daga dangi. Ban taɓa jin kunyar sana'ar ba, kuma ita ce ta kai ni ga abin da zan ba da labari.

A 2022 gwaggona ta yi doguwar jinya a wani babban asibitin gwamnati. Ina kai mata abinci da daddare idan na tashi daga aiki, sai na lura da mutanen da ke kwana kan tabarmi a baranda. 'Yan jinya ne da suka kawo marasa lafiyarsu daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina, wasu har daga Nijar. Duk abin da suka zo da shi ya tafi a magani da gwaje-gwaje. Mara lafiya ana kula da shi, amma wadda ke wanke shi, ta juya shi, ta bi layin kantin magani, tana iya wuni da kunun safe kawai. Na fara dafa shinkafa da wake duk Juma'a daga aljihuna, ni da yara biyu na kicin muna kaiwa. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kaya suka tashi, masu miƙo hannu suka ƙaru, aljihuna ya kasa. A cikin wannan hali wani Alhaji da ke yawan cin abinci a wurinmu ya ji labari, ya sa aka kira ni daga kicin. Ya ce: «Malam, kamfaninmu zai ɗauki nauyin rabin ciyarwar azumi mai zuwa, amma ba za mu tura kuɗi asusun mutum ɗaya ba. Ka kawo asusun ƙungiya da takardar rajista.» Na ce: «Ranka ya daɗe, ba mu da ko ɗaya.» Ya ce to akwai lokaci, a je a yi. Da farko maganar ta ɗan sosa min rai, kamar ana shakkar amanata. Da na kwana da ita sai na ga gata ya yi min. A lokacin ne kuma na karanta labarin Fatmata Binta, Bafulatanar kuku 'yar Saliyo da ke zaune a Ghana, wadda ta ci lambar Basque Culinary World Prize a 2022, mutum ta farko daga Afirka da ta ci, da kyautar Yuro 100,000. Tana da gidauniya da ke aiki da mata manoman acca a arewacin Ghana. Na ga ashe akwai masu riƙe da ludayi irina da suka bi wannan hanya.

Kafin kowane ofis, Hajiya mai gidan abincin na fara samu, domin kicin nata ne, murhu nata ne, sunan da zai ɓaci idan an sami matsala nata ne. Na ce: «Hajiya, so nake a ba ni aron kicin na wasu awoyi, amma a rubuce.» Muka yi yarjejeniya ta shafi ɗaya. Tukunyar gas ta ciyarwa daban, kantar sito daban da kwaɗonta, littafi daban. Ma'aikacin da ya ga dama ya taimaka a lokacin hutunsa, ba tilas. Babu buhu ko jarkar mai da za ta tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan, ko da aro. Mutane suna raina wannan mataki saboda ba hukuma ce ta neme shi ba, amma na san inda irin wannan aiki ya rushe saboda mai gida ya fara zargin ana kwashe masa kaya da sunan sadaka.

Sai neman amintattu, wato mutanen da za su riƙe amanar ƙungiyar a gaban doka. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ita ce ta tsara rajistar ƙungiyoyin addini da na agaji, kuma a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC za ka ga sashen da sunan Incorporated Trustees. Doka ta ce amintattu biyu ko fiye. Ba a sa yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai fita ba, ko wanda aka samu da laifin zamba a cikin shekaru biyar da suka wuce. Mun zaɓi biyar: ni, da limamin masallacin unguwarmu, da wata Hajiya tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, da wani akanta, da wata 'yar kasuwa mai sayar da kayan abinci. Da gangan ban sa matata ko ƙanena ba. Doka ba ta hana ba, amma mai ba da kuɗi idan ya ga sunan gida ɗaya daga sama har ƙasa, hannunsa yana yin nauyi. Muka yi zama na farko a zauren Malam liman bayan la'asar, akanta ya rubuta bayanin taron, aka zaɓi shugaba da sakatare. Wannan takarda ta bayanin taro a adana ta da kyau, tana cikin abubuwan da za a nema.

A wannan gaɓa ne wani dillali da aka haɗa ni da shi ya ce zai gama mana komai a mako ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Akantanmu ya tambaye shi wace irin rajista, sai ta bayyana rajistar sunan kasuwanci yake nufi, irin wadda mai shago ke yi. Ita ma satifiket ne daga CAC, amma ba ta ƙungiyar agaji ba ce, banki ba zai buɗe asusun gidauniya da ita ba. Duk wanda ya ce zai kammala rajistar amintattu a mako guda, a yi masa wannan tambayar, domin jiran da doka ta sa a yi bayan buga sanarwa a jarida kaɗai ya fi haka nesa ba kusa ba. Muka koma wajen wata lauya da hukumar ta amince da ita a matsayin wakiliya. Barista ta ce mu kawo sunaye biyu. An biya naira 5,000 na neman suna ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet. Sunanmu na farko ya yi kama da na wata ƙungiya mai rajista, saboda kalmomi irin su taimako da jinƙai da rahama kowa su yake ɗauka. Na biyun ya wuce. Idan an amince da suna ana riƙe maka shi kwana 60 ne, don haka kada a nemi suna sai amintattu da takardunsu sun kammala, in ba haka ba wa'adin ya ƙare ana neman hoton wani.

Kundin tsarin ƙungiya shi ya fi cin zama, kuma ina ganin ya cancanta. Barista ta zo da samfurin da aka saba, mai ɗauke da manufofi da yawa: gina makarantu, haƙa rijiyoyi, tallafin karatu, har da wasanni. Na ce: «Barista, mu girki muka iya.» Muka tsaya a kan uku: ciyar da masu jinya da mabuƙata, koyar da matasa sana'ar girki da tsaftar abinci, da kai ɗaukin abinci lokacin annoba ko ambaliya. Ta yi mana bayanin sharaɗin da dole ya kasance a ciki, cewa dukiyar ƙungiya ba a raba ta ga mambobi a matsayin riba, kuma idan ƙungiyar ta rushe, abin da ya rage wata ƙungiya mai irin manufarta ake ba wa. Amintacce abin da ya kashe daga aljihunsa a kan aikin ne kawai ake mayar masa. Na ji daɗin wannan, domin ya rufe bakin duk mai cewa kuku ya samo wa kansa hanyar albashi na biyu. Malam liman ya nemi a rubuta cewa kuɗin zakka idan ya shigo a ware shi, kada a sayi tukwane ko a biya kuɗin mota da shi ba tare da an koma ga malamai ba, aka sa a ƙa'idojinmu na cikin gida. Daga nan kowane amintacce ya cike fom, ya manna hoto, muka je babbar kotu aka yi rantsuwa gaban kwamishinan rantsuwa. A tafi da sassafe, kuma a tafi gaba ɗaya, da katin NIN na kowa.

Sai jarida. Doka ta ce a buga sanarwa a jaridu biyu masu fita kullum, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, mai ɗauke da sunan ƙungiya da na amintattu da manufofi, a ba duk mai ƙorafi kwana 28 ya rubuta wa hukuma. Biyun sun ci mana kusan naira 60,000. Ranar da aka buga na sayi kwafi uku na kowace, domin ana buƙatar shafin da kwanan watansa a jiki. Wannan jira shi ya fi min nauyi. Babu abin da za ka yi, kuma kullum ka ji buhun shinkafa ya ƙara kuɗi. Juma'a-Juma'a dai ba mu fasa kai abin da ya samu ba. Da wa'adin ya cika Barista ta ɗora takardu a intanet, aka biya kuɗin rajista da na kwafin da aka tabbatar, wajen naira 35,000. Bayan 'yan kwanaki aka dawo da su a gyara abu ɗaya: Hajiya ma'aikaciyar jinya ta cike fom da sunan mijinta, alhali NIN ɗinta na ɗauke da sunan mahaifinta. Wannan ya zama ruwan dare ga matanmu, ga kuma masu Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata. Aka sake fom da rantsuwa daidai da abin da ke NIN harafi da harafi. Satifiket ya fito ta intanet, babu zuwa karɓa, muka buga shi mai kala tare da kundin tsari da takardar da ke nuna sunayen amintattu. Da kuɗin lauya da rantsuwa da buge-bugen takardu, wannan zango gaba ɗaya ya haura naira 180,000 kaɗan, kuma mu biyar muka haɗa daga aljihu. Daga zaman farko zuwa satifiket an ci kusan wata uku.

Na ɗauka an gama. Ashe satifiket ƙofa ce kawai ga sauran ofisoshin. A ofishin haraji na tarayya muka kai takardar nema a kan takarda mai tambarin ƙungiya, da kwafin satifiket da kundin tsari da takardar kuɗin wuta mai nuna adireshi, aka ba mu lambar haraji ta TIN. Ba mu biya ko sisi ba. Jami'in da ya saurare mu ya faɗi abin da ya shafi kowane kuku kai tsaye: gudummawar da ƙungiyar agaji ta samu ba a cire mata haraji, amma idan ƙungiyar ta shiga kasuwanci, misali ta karɓi kwangilar abincin biki, wannan kuɗin na haraji ne. Kuma ko ba a biya komai, ana miƙa bayanan shekara. Tun ranar muka yanke cewa gidauniya ba ta sayar da ko faranti ɗaya. A banki kuma aka ba mu jerin abubuwa: takardun CAC, TIN, ƙudurin amintattu na buɗe asusu, BVN da hoto da katin shaida na masu sa hannu, mutum biyu masu asusun kasuwanci da za su tsaya mana, da satifiket na SCUML. Wannan na ƙarshe shi ya fi ruɗa mutane. Sashe ne na yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kuma jin sunan EFCC kawai ya sa 'yar kasuwarmu ta ce: «Malam, ni fa ban yi laifin komai ba.» Ba tuhuma ba ce, rajista ce, a intanet ake yi, kuma kyauta ce. Inda muka tsaya cak shi ne fom ɗin yana neman bayanan asusu, banki kuma yana neman satifiket. Mafitar da aka ba mu ita ce banki ya buɗe asusun ya ba mu lamba amma ba a cire kuɗi, muka yi amfani da lambar a fom, satifiket ya fito bayan 'yan makonni, muka kai aka saki asusun. A tambayi jami'in banki wannan tun ranar farko. Mun tsara cewa sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, kuma ni ba na cikinsu. Mai zuwa kasuwa bai kamata ya zama mai fitar da kuɗi ba.

Asibiti ya fi kowane ofis muhimmanci a wurina, don nan ne abincin zai shiga cikin mutane. Muka rubuta wa shugaban asibitin, muka haɗa da satifiket da takardar gabatarwa daga mai unguwa, aka tura mu sashen kula da walwalar marasa lafiya. Hajiyarmu ma'aikaciyar jinya ta san harshen wurin, ita ta yi gaba. Sun gindaya sharuɗɗa, kuma ban ga wanda zan yi musu da shi ba. Abincin na 'yan jinya ne, ba a miƙa wa mara lafiya kai tsaye, domin akwai masu ciwon suga da ƙoda da masu jiran tiyata da likita ya hana su ci. Ba ɗaukar hoto a ɗakunan kwanciya. Ba rabo a bakin ƙofa. Shugabar kowane ɗaki ce za ta ba da adadin mabuƙata da safe, a raba musu kati, da yamma kowa ya karɓa da katinsa. Sannan suka nemi takardar gwajin lafiyar duk wanda zai taɓa abincin. Mu ma'aikatan gidan abinci dama duk wata shida muke yi, amma masu sa kai da suka shigo sai da aka yi musu: hoton ƙirji saboda tarin fuka, gwajin bayan gida, na taifot da na ciwon hanta, kusan naira 6,000 kowane mutum. An samu ɗaya da ke buƙatar magani, muka mayar da shi kan lissafin kati har ya warke. Duba-gari na ƙaramar hukuma ya zo ya ga kicin, ya duba ruwa da magudana da firiza da inda ake zuba shara, ya ce a ƙara wurin wanke hannu a kusa da teburin zuba abinci, aka ƙara.

Alhaji ya cika alkawari, kuɗi suka shiga asusu, wasu kwastomomi ma suka ƙara da suka ga takarda. Na zauna da sikeli na fitar da lissafin mutum 200 a rana: kilo 20 na shinkafa, kilo 8 na wake, mai, kayan miya, ƙwai, kunu, ruwa, robar zubawa, gas da kuɗin mota. Ya kama kusan naira 650 kowane mutum. Buhun shinkafa mai kilo 50 a lokacin ya haura naira 70,000, shi ya sa muka sayi na wata guda a lokaci ɗaya kafin azumi ya kama. Wake da gero daga kasuwar Dawanau, mai da sukari da kayan ɗanɗano daga kasuwar Singa, tattasai da attaruhu da albasa daga kasuwar 'Yankaba duk bayan kwana biyu. 'Yar kasuwarmu ce ke ciniki, akanta na karɓar rasit, inda babu rasit mai kaya ya sa hannu a littafinmu. Robar zubawa kaɗai ta ci fiye da kashi goma cikin ɗari na kuɗin, kuma kusan kowa yana mantawa da ita a lissafi.

Akwai maganar da nake so abokan sana'a su ji da kyau. Mutane da yawa suna ba ni shawarar in riƙa tattara ragowar abincin gidan abinci ina kaiwa. Abin da ya taɓa farantin kwastoma ba ya zuwa ko'ina sai shara ko wajen masu kiwo. Abin da ya kwana ma ba ya zuwa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ita muke bi a kicin ɗin kasuwa: dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai, ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. Shinkafa ta fi kowa haɗari a nan, domin akwai ƙwayar cutar da ke jure dahuwa, idan shinkafar ta huce a hankali sai ƙwayar ta saki guba wadda ɗumame ba ya kashewa. A zafin Kano na watan Maris abin ba ya ɗaukar lokaci. Don haka muke sauke tukunya bayan la'asar, a zuba da zafinta, a jera a manyan kuloli, in soka ma'aunin zafi kafin mota ta tashi da kuma lokacin da ta isa. Wani bawan Allah ya kawo mana katan-katan na garin lemo sadaka, na duba na ga wa'adinsu ya kusa ƙarewa, wasu ma an goge kwanan watan. Na ce: «Yallaɓai, Allah ya saka da alheri, amma ba zan iya karɓa ba.» Bai ji daɗi ba. Duk wanda ke Kano a 2021 yana tune da ɗaruruwan mutanen da suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan irin wannan garin lemo da ɗan tsami da suka lalace. Wanda ke karɓar sadaka ba ya iya mayar da faranti ya ce a canza masa kamar kwastoma, don haka kukun ne kaɗai ke tsaye tsakaninsa da cuta. Abin da ba zan ajiye gaban mai biyan kuɗi ba, ba zan ba mai jinya ba.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris 2024. Ranar farko mun isa da sauran kusan awa guda a sha ruwa, gabana yana faɗuwa ko za a yi cunkoso. Ba a yi ba. Kowane ɗaki ya turo mutum biyu da katunansu, suka ɗauki kasonsu, ma'aikaciyar walwala tana sa alama. Wata tsohuwa daga wajen Gumel da ke jinyar ɗanta ta buɗe robarta ta ga ƙwai, ta dube ni ta ce: «Ɗan nan, wannan duk nawa ne?» Na ce: «Naki ne, Iya.» Sai da na koma mota na iya magana. Muna tsakiyar azumin nan labari ya zo daga Bauchi cewa mata da yara sun rasu a turmutsutsun rabon zakka, a watan Disamba na shekarar kuma aka sake ganin irinsa a Ibadan da Abuja da Okija. Duka masu rabon alheri suka nufa. Tsarin katin da asibiti ya ɗora mana, wanda wasu masu sa kai suka ga kamar ɓata lokaci ne, ban sake yarda an sassauta shi ba ko da rana ɗaya, kuma ba ma sanar da wuri ko lokacin rabo a Facebook.

Bayan salla akanta ya haɗa lissafi, muka ba kowane mai gudummawa kwafi, har wanda ya ba da naira 2,000. Ragowar kuɗin ya koma ciyarwar Juma'a. Rajista kuma tana da haƙƙin da ke biyo ta duk shekara: ana miƙa wa CAC rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba tare da lissafin da mai binciken kuɗi ya duba, wanda ya makara yana biyan tara, kuma canza amintacce ma yana da nasa matakan har da sanarwar jarida. A ware wa wannan kuɗi tun farkon shekara, domin babu mai ba da sadaka da ke sha'awar jin kuɗinsa ya tafi wajen odita, sai an yi masa bayani.

Ga mai shirin farawa, jerin da ya yi mana aiki shi ne mai kicin da farko, sai amintattu da duba NIN ɗinsu, sai suna, kundin tsari, rantsuwa, jarida, satifiket, TIN, banki da SCUML tare, sannan wurin da za a kai abincin. Takardar asibiti da gwajin lafiya ana iya fara shirya su a cikin kwana 28 na jiran jarida, zai rage lokaci sosai. Wanda ke nufin azumi ya fara aƙalla wata shida kafin a ga wata. Wanda kuma daga aljihunsa yake dafawa, tukunya ɗaya ko biyu, ba ya karɓar kuɗin kowa, ba ya buƙatar ko ɗaya daga takardun CAC, ya ci gaba da abinsa, ya nemi izinin wurin, ya kiyaye tsafta da zafin abinci. Ranar da kuɗin wani ya fara shigowa hannunsa, ranar ce ya kamata ya nemi amintattu. Yanzu muna kan manufarmu ta biyu, mun ɗauki matasa maza da mata suna koyon aiki a kicin da safe kafin a buɗe, kuma takardun da muka riga muka mallaka su ne muka haɗa muka nema musu gurbin jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago.